Kabarin da Aka Nuna wa Ammi Yaslam

Seiyun, Hadramaut
6 ga Mayu, 1995

Zuwa ga Lubna 'yar Ammi Salim, wato baffana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara, da fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Mu nan alhamdu lillahi, ban da zafi da ciwon gwiwar da ke damun Baba.

Ba ki san ni ba, sai dai ko a baki. Ni ce Shifa 'yar Yaslam, wan mahaifinki. Kakanmu ɗaya ne, Awad. Ya bar garin nan ya tafi Jawa neman arziki Baba yana ɗan shekara uku, ya yi aure a can ya haifi mahaifinki, bai sake dawowa ba har ƙasa ta rufe idonsa. Wani ɗalibi ɗan garinku da ke karatu a Tarim shi ya samo mana adireshinki.

Bara kakata Fatum ta rasu. Ba ta sake aure ba bayan tafiyar Kaka Awad. Kafin ta cika ta ba Baba wani saƙo, ta ce ya je ya tsaya a kan kabarin mijinta ya faɗa masa da bakinsa. Ko ni bai gaya wa abin da ta ce ba. Tun daga lokacin ba shi da magana sai ta Jawa. Ya sayar da awakinsa, an yi masa fasfo, zai sauka Jakarta farkon wata mai zuwa in Allah ya yarda.

Bai taɓa wuce Mukalla ba, ba ya jin yare ko ɗaya sai namu, ba ya karanta boko. Ba mu da kowa a can sai ke. Ki lallaɓa shi, don zuciyarsa ta yi rauni ƙwarai tun rasuwar mahaifiyarsa, abu kaɗan ke taɓa shi.

'Yar'uwarki,
Shifa

Jakarta
17 ga Yuni, 1995

'Yar'uwata Shifa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, maigidana Taufik yana gaishe ki, tari ne kawai ya hana shi sakat. Ki yi haƙuri da Larabcina, na makarantar Islamiyya ne, ya yi tsatsa. Takardarki sai da na zauna da ƙamus.

Ammi Yaslam ya sauka lafiya. Da na hango shi a filin jirgi da zanensa da rawaninsa, rungume da gwangwanin zuma, sai na ga tafiyar Babana ce sak, har yadda yake karkata kafaɗa. Na sumbaci hannunsa ina kuka. Ya dube ni ya ce, "Hancin namu ne, sauran na mutanen Jawa ne."

Na bar shagon yadina na kasuwar Tanah Abang a hannun ƙanwata, kullum muna yawo da shi. Na kai shi hasumiyar Monas, muka bi layi cikin rana har rigarsa ta jiƙe sharkaf. Da muka hau can ƙololuwa ya leƙa ƙasa, ya daɗe, ya ce, "Duk waɗannan gidajen da mutane a ciki? To wa ke noma musu?" Na kai shi Masallacin Istiƙlal ya yi Juma'a, ya fito yana cewa duk mutanen Seiyun za su shige har da jakunansu. A gidan namun daji wani ƙaton biri ya zuba masa ido, ya ce wallahi ya san mai irin wannan fuskar a kasuwar dabino, kuma shi ma ba ya amsa sallama.

Zafin nan ba ya masa daɗi. Ya ce naku zafin yana gasa mutum a gama, namu kuwa dafa mutum yake yi a hankali kamar kan rago. Bajaj, keken nan mai ƙafa uku, ya sa masa suna akwatin shaiɗan. In muka maƙale a cunkoso sai ya rufe hanci da jelar rawani ya yi ta tasbihi. Shinkafar kebuli yana ci sosai. Duriyan kuwa, wani ɗan itace mai wari, da aka fasa a gabansa tashi ya yi ya bar tsakar gidan.

Inda ya fi jimawa shi ne tashar jiragen ruwa ta Sunda Kelapa. Ya tsaya yana kallon jiragen katako da 'yan dako, ya tambaye ni ko nan mahaifinsa ya sauka. Na ce mai yiwuwa.

Maganar ziyara kuma, muna nan muna shiri. Wurin da ɗan nisa, hanya ba kyau, ina so ya huta tukuna. Kada ki damu, ina kula da zuciyarsa yadda kika ce. Na hana shi gishiri da gahawa mai ƙarfi, yana ta mita.

Taki,
Lubna

Seiyun
5 ga Yuli, 1995

Lubna,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya. Allah ya ba maigidanki sauƙi.

Na karanta takardarki sau biyu ina neman abu ɗaya, ban same shi ba sai a can ƙasa, layi biyu. Jiya kuma Baba ya bugo waya shagon maƙwabcinmu, aka kira ni da gudu. Abin da na iya ji cikin ƙarar layi shi ne, "Ban gan shi ba tukuna. Kullum sai ta ce gobe."

Mahaifina ba Bature ba ne mai rataye da kyamara. Bai sayar da awakinsa don ya ga biri ba. Mutumin da za a iya tsayar da shi a layi cikin rana don ya hau hasumiya, ba za a ce maƙabarta ta yi masa nisa ba.

Zan faɗa miki abin da mata ke faɗa a nan, don ni ba na iya ɓoye-ɓoye. Suna cewa 'ya'yan matar Jawa ba sa son ɗan uwargida ya tsaya a kan kabarin, kada a tuna cewa akwai wadda aka bari a baya. Na ce musu ƙarya ne. Kada ki kunyata ni. Kun same shi da rai shekara da shekaru, kun ci gumin hannunsa, kun ji muryarsa. Mu ba mu nemi gado ba, ba mu nemi komai ba. Tudun ƙasa kawai muke so a nuna wa tsoho. Shi ma ɗin ya yi yawa?

Shifa

Jakarta
23 ga Yuli, 1995

'Yar'uwata Shifa,

Gaisuwa mai yawa. Kowa lafiya, Ammi ma lafiya.

Takardarki ta iso ranar Talata. Ranar Alhamis da la'asar na kai shi.

Ya sa farar rigarsa, ya shafa turare. A bakin ƙofa na saya masa furanni da ruwan wardi yadda muke yi a nan. Kabarin yana ƙarƙashin wata bishiya mai farin fure, da inuwa. Ya tsuguna, ya ɗora tafinsa a kan ƙasar, ya ce, "Assalamu alaika ya Abi. Yaslam ne. Na girma." Na ja da baya don in ba shi wuri, amma na ji saƙon. Ya ce, "Ummi ta ce in gaya maka ba ta bar ɗakin da ka bar ta ba. Ta ce dabinon da ka dasa a bayan gida har yau yana 'ya'ya. Ta ce ta yafe." Ya yi kuka har gemunsa ya jiƙe.

A hanyar dawowa ya riƙe hannuna cikin bajaj, ya ce Allah ya yi mini albarka. Ya ci abinci sosai ranar.

Ga hoto nan na sa miki. Ki yafe mini gajartar takardar, kaina ke ciwo.

Lubna

Seiyun
12 ga Agusta, 1995

'Yar'uwata ta jini, Lubna,

Allah ya saka miki da Aljanna. Muna lafiya, muna cikin farin ciki, ina fatan ciwon kan ya tafi.

Ban san da wace fuska zan rubuto miki ba bayan maganganun da na yaɓa miki. Bakina ya fi hankalina sauri, haka nake tun ina yarinya. Ki yafe mini don Allah.

Na tara dangi na karanta musu takardarki a tsakar gida, babu wadda ba ta share hawaye ba. Waɗanda suka yi gulmar kuwa sai sunkuyar da kai. Mun yanka ɗan akuya muka yi sadaka. Hoton na sa an yi masa gilashi, yana rataye a ɗakin Kaka Fatum, sama da inda take sallah. Gwaggo Barka, ƙanwar Kaka Awad, da ƙyar take gani, amma ta sa aka ɗauko ta ta zo ta shafa shi, ta sumbace shi, ta ce yau ta yi bankwana da wanta.

Ina haɗa miki turaren wuta da lalle, zan ba ɗalibai masu dawowa.

Taki har abada,
Shifa

Jakarta
14 ga Agusta, 1995

Shifa,

Assalamu alaikum. Ammi yana lafiya, wannan ki fara sani. Ban san ko amsarki tana hanya ba. In kin riga kin rubuto kina gode mini, to ki ɗauka ba ki rubuta ba.

Kabarin da na nuna wa Ammi ba na Kaka Awad ba ne.

Ina jinjira ya rasu, ban taɓa zuwa kabarinsa ba, Babana ma bai cika zancen ba. Da takardarki ta farko ta zo na tafi nema. Sai na tarar maƙabartar babu ita. An tashe ta tun ina 'yar firamare, aka shimfiɗa babban titi a wurin. Masu dangi a kusa sun kwashe nasu. Babana yana aiki a Surabaya lokacin, labari bai same shi ba sai bayan an gama. Na bi tsofaffin unguwar ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya san inda aka kai sauran, ko an kai su ma.

Na so in gaya masa tun a filin jirgi. Amma kin ce zuciyarsa ta yi rauni, abu kaɗan ke taɓa shi, ni kuma Babana ciwon zuciya ne ya kashe shi, a gabana ya faɗi. Sai na yi ta jan sa yawo, yau hasumiya gobe gidan tarihi, ina jiran dabara ta faɗo daga sama. Kullum da safe ya sa takalmi ya ce, "Yau ne?" in ce, "Gobe, Ammi." Taufik ya ce mini, "Lubna, tsohon nan ba yaro ba ne, ki faɗa masa." Na ce in ya faɗi matacce a falonmu kai za ka rubuta wa 'yarsa?

Da takardarki ta biyu ta zo, na shiga maƙabartar da ke kusa da mu ni kaɗai. Na zaɓi wanda ciyawa ta rufe, alamar ba mai zuwa, mai rubutun boko a dutsensa, a inuwa don kada rana ta dake shi. Na karanta sunan da ke jikin dutsen. Na san mace ce.

Na zaci sau ɗaya zai je. Ashe duk Alhamis zai ce a koma. Ya cire ciyawar da hannunsa, ya sa na saya masa buroshi ya wanke dutsen tas. Alhamis ɗin da ta wuce muna can yana karanta Yasin, sai ga wata mata da kwandon furanni, za ta yi sa'ata. Ta tsaya turus. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce da yarenmu, "Ku su wane ne? Me kuke yi a nan?"

Na ce, "Yi haƙuri, baiwar Allah, mu matsa gefe in yi miki bayani."

Ta ce, "Ba inda zan matsa. Masu maƙabartar sun sayar muku da wurin ne? Sun binne wani a kanta? Shekara biyu kawai na yi a ƙauye ina jinyar mijina!" Muryarta ta tashi, masu sharar maƙabarta suka fara matsowa.

Ammi ya ɗago ya ce, "Me take cewa?"

Na ce, "Maƙwabciya ce, nata yana gefe, ta ɓata hanya." Kin ji, har a lokacin ban daina ba.

Matar ta ga Balarabe ne. Ta durƙusa ta dafa dutsen, ta buga ƙirjinta, ta faɗi kalmar da kowane Musulmi ya sani. "Ummi," ta ce. "Ummi. Ummi."

Ammi ya dubi hannunta a kan dutsen, ya dubi buroshin da ke gefensa. Sannan ya juyo gare ni. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Karanta mini abin da ke jikin dutsen nan."

Na karanta. Na gaya masa komai a tsaye a wurin, Larabcin yana kakkarye mini a baki. Ina jira ya dafe ƙirji ya faɗi. Bai faɗi ba. Ya rufe Alƙur'aninsa, ya miƙe da kansa, ya ƙi karɓar hannuna.

Matar kuwa da ta fahimci shi ne ya gyara kabarin, sai ta fashe da kuka, ta kama hannunsa za ta sumbata tana godiya. Wannan ya fi mini zafi da a ce ta mare ni.

A bakin ƙofa ya ce, "Kai ni inda yake."

Na ce yamma ta yi, cunkoso ne yanzu, mu bari sai gobe.

Ya ce, "Kada ki sake ce mini gobe."

Muka shiga bajaj. Muka hau gadar masu tafiya da ƙafa da ke saman titin, muna ratsa masu tallar sigari da soyayyen ayaba. Ƙasa motoci ne maƙare hannu biyu, bas-bas suna fesa hayaƙi, hon ta ko'ina, rana ta sauko amma ƙarfen gadar yana ƙona hannu. Ya riƙe shi haka nan. Ya ce, "Ta wane gefe?"

Na ce, "Ban sani ba, Ammi."

Ya daɗe yana kallon motocin. Ya ɗaga hannu ya yi Fatiha, mutane suna bangazar kafaɗarsa suna wucewa. Wani mai ɗaukar hoto ya zo yana yi masa alamar ko yana so a ɗauke shi, na kore shi. Na matsa kusa na ce, "Ammi, ko za ka faɗi saƙon a nan? Allah zai isar."

Ya ce, "Saƙon mahaifiyata ba gyaɗa ba ne da zan yi ta rabawa a hanya. Sau ɗaya ta ba ni, sau ɗaya na bayar."

Da muna saukowa ya tsaya a matakala ya ce, "Ni na rufe wa uwata ido, ni na sa ta a rami. Kin zaci titi ne zai kashe ni? Kin ɗauke ni yaro, 'yar Salim. Kin kai ni kallon biri."

Tun ranar bai yi mini magana ba sai amsa sallama. Da Taufik yake cin abinci, suna hira da hannu, shi ba Larabci shi ba yarenmu, har dariya nake ji. Na mayar masa da gishirinsa da gahawarsa. Ya ce a matso masa da ranar tafiya, zai taso ƙarshen wata.

Ba na neman ki yafe mini. Hoton nan kawai nake roƙo kada ki nuna wa kowa.

Lubna

Seiyun
20 ga Satumba, 1995

'Yar'uwata Lubna,

Wa alaikumus salam. Baba ya iso lafiya, ya ɗan rame amma ƙafarsa da ƙarfi. Muna lafiya. Ina fatan kuna haka.

Takardunmu sun yi saɓani a hanya, don haka kin riga kin san inda hoton yake da wadda ta sumbace shi. Taki ta riga Baba isowa. Na karanta ta a tsaye a ɗakin girki, na zauna a ƙasa. Na ɗauki alƙalami a ranar, Allah ya taimake ni ban sami takarda ba.

Baba ba shi da ciwon zuciya, Lubna, bai taɓa yi ba. Mu a nan in mun ce zuciyar mutum ta yi rauni, muna nufin hawayensa ya matso kusa. Da na san da ƙamus za ki karanta da na faɗa miki a fili. Sannan na bi ki da waccan takardar, na ce kun hana mu tudun ƙasa, alhali ke kina can kina bin tsofaffi kina nema. Ƙaryar taki ce, ba zan ɗauke miki ita ba. Amma na san wadda ta tura ki bakin ramin.

Ranar da ya dawo gidan ya cika. Ya ba su labarin hasumiya da jiragen katako da 'ya'yan itacen nan mai wari, suna ta dariya. Sai limaminmu ya ce, "To, kabarin fa?" Na ji kamar in nutse. Baba ya ajiye finjalinsa ya ce, "Babu kabari. Titi ya bi ta kai. Wancan na hoton kuskure aka yi, na wata baiwar Allah ne." Wani ya ce kuskuren wa? Ya ce, "Garin da girma." Bai ƙara ba, bai ambaci sunanki ba, har yau.

Gwaggo Barka ce ba mu gaya wa ba. Na ce a bar ta da abin da ta samu, kwana nawa ya rage mata. Baba ya dube ni ya ce, "Ke ma?" Ya tashi ya tafi gidanta da kansa. Ban bi shi ba, kunya ta hana ni. An ce ta yi kuka, sannan ta sa ya ba ta labarin gadar tun daga farko.

Hoton ya sauke shi da hannunsa ya sa a akwatinsa. Na tambaye shi ko in gaishe ki. Sai ya ce in tambaya ko tarin Taufik ya sauka, in bai sauka ba ya sha zumar da safe kafin ya ci komai. Turaren da lallen suna hanya, ban fasa ba.

Abu ɗaya ya ce in roƙa masa. Ya ce ya zauna a kan matar nan Alhamis huɗu yana kiran ta Abi, ta ji sirrin gidanmu da ko ni sai a takardarki na ji, kuma sunanta bai zauna masa ba a ranar. Yana so ya riƙa sa ta a addu'a tare da iyayensa. Ki koma ki duba dutsen, ki rubuto sunanta da na mahaifinta da haruffan Larabci, ki sa wasali. Ya ce kada ki gyara komai, kada ki fassara. Ki kwafo yadda yake.

'Yar'uwarki,
Shifa